Me Ke Kurmantar Da Oba-Oba? Tarihin Kutsen Rediyo Daga Titanic Zuwa Nasarawar Kaduna

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba da kuma masu son karatu a tsanake.

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wani abu da kowa ya sha ji da kunnensa: wannan shuuu ɗin da ƙugin da ke shiga rediyo su danne magana. Duk wanda ya tashi a gidan da baba ke murɗa rediyo da asuba yana laluben BBC ya san shi. 'Yan sintirin unguwa masu riƙe da oba-oba kuwa sun fi kowa saninsa, don su ne ke kiran abokin aiki cikin dare a ji shiru, ko a ji wata murya daban ta faɗo musu.

Ga abin da ya kawo maganar. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta sa an katse layukan waya a wasu sassan jihar saboda 'yan bindiga, bayan Zamfara ta yi haka tun farkon watan. Sai ƙarshen Nuwamba aka maido da su. Kusan wata biyu ke nan mutane suna riƙe da waya ba ta da amfani sai haska fitila. Tun daga lokacin nake jin matasa a nan Nasarawa da Kakuri da Tirkaniya suna cewa ya kamata unguwa ta samu hanyar magana da ba ta dogara da ƙarfen sabis ba, a sayi oba-oba, a kafa rifita. Shawara ce mai kyau, musamman ga mu da ke zaune a bakin Kogin Kaduna, inda duk damina ake kwana da ido ɗaya. Amma wanda zai shiga wannan harka ya kamata ya san cewa sayen na'ura shi ne mai sauƙin. Wahalar tana wajen sa ta ta ji.

To, mene ne rifita? Oba-oba ta hannu, a cikin gari mai gine-gine, da ƙyar take wuce kilomita biyu ko uku. Sai a samu wuri mai tsayi, kan bene ko hasumiya ko tudu, a kafa wata na'ura mai kunne da baki. Tana sauraron ƙaramar muryarka a kan mita ɗaya, a daidai wannan lokacin tana maimaita ta da ƙarfi a kan wata mitar. Da haka mai magana daga Kudenda zai iya kai wa wanda ke Tudun Wada a tsallaken kogi. Masu harkar rediyo don sha'awa, waɗanda ba gidan rediyo ba ne ba kuma jami'an tsaro ba, sun daɗe suna kafa irin wannan a faɗin duniya. Kuma babban ciwon kansu guda ne: rifita tana ihu ana jin ta ko'ina, amma ita ba ta jin kowa. Don mu gane dalili, sai mun koma baya fiye da shekara 120.

A farkon zamanin rediyo ba murya ake aikawa ba, ƙyas-ƙyas ɗin Mos ne, kuma da tartsatsin wuta ake yin sa. Irin wannan na'ura ba ta tsayawa a mita ɗaya, fantsama take yi ko'ina, kamar wanda aka ce ya zuba ruwa a bokiti ya watsa wa kasuwa duka. Guglielmo Marconi, Ba'italiyen da ya mayar da rediyo sana'a, ya yi rajistar wata dabara a 1900 wadda ya ce za ta sa kowace tasha ta tsaya a layinta. Ya cika baki cewa ba mai iya shiga saƙonsa. A watan Yunin 1903 aka shirya nuna wannan bajinta a gaban manyan masana a Landan, abokin aikinsa John Ambrose Fleming yana kan mumbari. Kafin saƙon Marconi ya iso, sai na'urar ta fara buga kalaman ba'a da zagi. Wani mai wasan dabo ne, Nevil Maskelyne, wanda shi ma yana taɓa harkar rediyo, ya kafa tasa na'urar a kusa ya danne su. Kun ga tun ranar gini aka yi zane: wanda ya fi kusa kuma ya fi ƙarfi shi ke cika kunne.

A 1906 ƙasashe suka zauna a Balin suka amince da wasu ƙa'idoji, ciki har da alamar neman agaji ta SOS. Amma abin da ya girgiza duniya sai a daren 14 ga Afrilun 1912. Ma'aikacin rediyon jirgin ruwan Titanic, Jack Phillips, yana ta fama da tarin saƙonnin fasinjoji, ya kasa kunne yana sauraron wata tasha mai nisa da ke Cape Race, wadda da ƙyar yake jin ta. Sai Cyril Evans na jirgin Californian, wanda ke kusa da su, ya shigo don ya sanar cewa ƙanƙara ta kewaye su har sun tsaya. Saboda kusanci, siginarsa ta faɗo wa Phillips a kunne kamar aradu. Phillips ya ce masa ya yi shiru, aiki yake yi. Evans ya ɗan ƙara saurare, ya kashe na'urarsa, ya kwanta. Ba a jima ba Titanic ya daki dutsen ƙanƙara. Jirgin da ya fi kusa da su ba mai sauraro a cikinsa. Mutum fiye da 1,500 suka mutu.

Bayan haɗarin, iska ta cika da saƙonni barkatai, har wasu jaridu suka buga cewa kowa ya tsira. Aka ɗora wa 'yan rediyon sha'awa kaso mai yawa na laifin. A watan Agustan 1912 Amurka ta yi dokar da ta wajabta lasisi, ta kuma kora su zuwa mita 200 zuwa ƙasa, wato gajeren zango, wanda a lokacin ake ganin juji ne da ba ya kai saƙo ko'ina.

Abu biyu suka fito daga wannan korar. Na farko, da yake na'urorinsu ba sa kai nisa, sai suka fara miƙa wa juna saƙo hannu zuwa hannu. Hiram Percy Maxim ya so ya aika saƙo daga Hartford zuwa Springfield bai samu ba, sai da wani da ke tsakani ya karɓa ya miƙa. Daga nan ya kafa ƙungiyar ARRL a 1914. Ka ga asalin rifita ke nan, sai dai a lokacin mutum ne ke zaune yana maimaitawa. Na biyu, jujin da aka jefa su ya zama taska. A watan Nuwamban 1923 Léon Deloy daga birnin Nice na Faransa ya yi magana kai da kai da Fred Schnell da John Reinartz a Amurka, a kan wajen mita 100. Duniya ta farga cewa gajeren zango yana tsallake teku da ƙaramin ƙarfi. Wannan gajeren zangon ne ya kawo wa iyayenmu Sashen Hausa na BBC tun daga Maris ɗin 1957.

Mu dawo gida. Lokacin da rediyo ya fara shiga gidajen mutane a Najeriya, ta waya ya shigo. A Legas a 1935, a Kano a 1944, akwati ne ake rataye maka a bango, waya ta taho daga ofishin gwamnati. Tasha ɗaya ce, abin da aka ba ka shi za ka ji. Ba kutse, amma kuma ba zaɓi. A 1962 gwamnatin Sardauna Sir Ahmadu Bello ta buɗe nata gidan a nan Kaduna, BCNN, wanda aka fi sani da Rediyo Talabijin Kaduna. Muryarsa ta kai ko'ina a Arewa har ƙasashen maƙwabta. A ranar 15 ga Janairun 1966 Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya yi jawabin juyin mulkinsa ta rediyo a nan Kaduna. A 1978 gwamnatin soja ta haɗe gidan cikin Rediyon Tarayya. Waɗanda suka girme mu suna tuna shi a mita 49 a gajeren zango, da kilohaz 594 a matsakaicin zango. Ku riƙe wannan lamba ta 594, za mu dawo kanta.

Duk tsawon wannan lokaci iskar Kaduna fili ce fetal. Gidajen rediyo 'yan ƙalilan, sai sojoji da 'yan sanda da jirgin ƙasa da filin jirgin sama. Abubuwa sun canza ne daga 1992, lokacin da gwamnatin Babangida ta kafa hukumar NBC ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, ta kuma kafa NCC a shekarar. RayPower ta fara a Legas a 1994, tashoshin FM suka yi ta ƙaruwa har Kaduna ta cika da su. A watan Agustan 2001 wayar salula ta zo, ƙarafan sabis suka tsiro a kowace unguwa. Sai kuma abin da ba a cika lissafawa ba: rashin wuta. Masaƙun Kakuri irin su KTL, wadda aka buɗe a 1957, sun rufe, amma kowane gida da kowane shago ya zama ƙaramar tashar lantarki. Janareta, inbata, sola, fitilun LED masu araha, cajar waya mai arha, injin walda a bakin titi. Da yawa daga cikinsu suna fitar da hayaniyar da kunnen mutum ba ya ji, amma kunnen rediyo yana ji sarai. A cikin wannan kasuwar ne muke son kafa rifita ta ji raɗar oba-oba daga nesa.

'Yan rediyon sha'awa sun fara kafa rifita da yawa ne a shekarun 1960 da 1970, lokacin da kamfanoni da hukumomi a Amurka suka yi gwanjon tsofaffin rediyoyinsu na FM. A cikin shekarun da suka biyo baya sun gano cewa kurmancewar rifita kusan kullum daga ɗayan wurare uku take zuwa.

Na farko, ita kanta. A yankinmu na Afirka da Turai, zangon mita 2 na 'yan sha'awa yana tsakanin megahaz 144 da 146. A al'ada rifita tana magana a kan, misali, 145.600, tana sauraro a kan 145.000. Tazarar kilohaz 600 ce kacal. Bakinta na iya fitar da wat 50, alhali ƙarfin muryar da take son ji ya gaza haka sau biliyan sau miliyan, ko ma fiye. Kamar mutum ne yana buga ganga a jikin kunnensa yana kuma son jin mai raɗa a tsallaken gada. Abin da ke raba su shi ne wasu gwangwanayen ƙarfe guda huɗu ko shida, kowanne ya haura rabin mita a tsayi, da ake kira dufleksa. Aikinsu aikin rariya ne, su hana muryar baki komawa kunne. In saitinsu ya goce saboda zafi ko jijjigar hanya, ko aka yi amfani da wayar eriya mai arha wadda ke yoyo, rifita za ta kurmantar da kanta. Matsalar Phillips ce ta 1912, sai dai nan mai ihun da mai sauraron a akwati ɗaya suke.

Na biyu, auren sigina. In sigina biyu ko uku masu ƙarfi suka haɗu a wurin da bai dace ba, sai su haifi wata sabuwa da ba wanda ya aika ta. Lissafi ne na tarawa da ɗebewa. A ce akwai tashoshin FM biyu, ɗaya a 95.0 ɗaya a 95.6. Tazararsu 600 ce. In suka gauraya da muryar rifitarka ta 145.600, abin da zai fito zai sauka daidai kan 145.000, wato cikin kunnenta. Yanzu ku tuno 594 ɗin nan. Ɗebe ta daga 145.600, za ka samu 145.006, dab da ƙofar kunnen. Ba laifin kowace tasha ba ne, kowa yana kan layin da aka ba shi. Amma duk mai son kafa rifita kusa da babbar na'urar watsa shirye-shirye dole ya zauna da biro da takarda kafin ya hau sama. A ina ake ɗaura wannan auren? Wani lokaci a cikin na'urar da ba ta da matata mai kyau. Sau da yawa kuma a jikin tsatsa: kusoshin hasumiya da suka ci ruwa, waya mai ɗaure turke, kwanon rufi da ya saki, mahaɗar wayar eriya da damina ta shiga. Ƙarfe biyu masu tsatsa da ke taɓa juna suna iya zama wurin gauraya sigina. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku, hayaniyar unguwa: inbata, caja, fitilu, taransifoma mai tartsatsi, wayar wuta da ta saki a kan fal. A lokacin hunturu ma busasshiyar iska mai ƙura tana tara caji a jikin eriya, ka ji tas-tas ba dalili.

Yauwa, to ya ake gano wanne ne? Tsarin da masu wannan harka suka gada yana da sauƙin faɗa, haƙuri yake so. Ka sa wani ya yi nisa da oba-oba har muryarsa ta zama da ƙyar ake ji. Sai ka kashe bakin rifitar, ka bar kunnen kawai. In murya ta washe nan take, matsalar tana da alaƙa da abin da kai kake fitarwa. Daga nan ka cire eriya ka sa abin da ake kira domi-lod, wato eriyar ƙarya da ke shanye sigina ba ta watsawa, ka maimaita gwajin da na'urar awo. In har yanzu kunnen yana toshewa, ɓarawon yana cikin ɗaki: dufleksa ne ko wayoyi. In ya tafi, sai ka hau sama ka duba eriya da mahaɗai da tsatsa. Bayan haka ka ɗora rifitar a kan batir zalla, ka kashe komai na ginin, ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har ka ji wanda ya dawo da ƙugin. Mutane da yawa sun gama zagin maƙwabta, ƙarshe aka tarar cajar da ke jone a bayan teburinsu ce.

Sai littafi. Ka rubuta ranar da abin ya faru da lokacin. Yana zuwa ne in an kawo wuta ko in an ɗauke? Da magariba lokacin da ake kunna fitilu? In iska na kaɗawa, wanda ke nuna wani abu ya saki a sama? Bayan ruwan sama? Sati biyu na irin wannan rubutu ya fi wata guda na zato. In ya tabbata daga waje ne, akwai eriya mai nuna alƙibla da ake zagayawa da ita, akwai kuma 'yar na'urar SDR mai kama da filash da ake sa wa a kwamfuta ta nuna maka sigina a allo. Matashin da ya iya gyaran waya zai iya koyon wannan.

Hattara da wata gurguwar dabara. Tun shekarun 1950 akwai tsarin sa wani siririn sauti a ƙarƙashin murya, yadda rifita ba za ta buɗe ba sai ta ji shi. Yana da amfani, yana hana ta tashi a banza. Amma ba ya korar hayaniya, ɓoye maka ita yake yi. Kunnen yana nan a toshe, mai kira daga nesa har yanzu ba zai shiga ba, kai kuma kana zaune kana cewa lafiya lau tunda shiru kake ji. A ranar ambaliya wannan shirun na iya zama rai.

In ka gano daga gidan wani ne ko shagon wani, ka je da sallama. Galibi bai ma san kayansa na yin haka ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: wani lokaci taka na'urar ce mai arha da ke kwasar duk abin da ya gifta. Abin da ba a yi shi ne ƙara ƙarfi don a danne wani. An gwada wannan tun zamanin tartsatsi, kowa ya kurmance.

Sai maganar doka, don kar wani ya ce a shirin nan ya ji ya je ya jawo wa kansa. Iska tana da masu rabo. Ƙungiyar ITU, wadda asalinta ya koma 1865, ita ke raba zanguna tsakanin ayyuka a duniya, ita ta ba Najeriya lambar kira mai farawa da 5N, Nijar kuma 5U. A gida, NBC ke kula da gidajen rediyo da talabijin, NCC ke kula da kamfanonin waya, ma'aikatar sadarwa ta tarayya kuma ke ba da lasisin sauran, har da na 'yan sha'awa. Akwai ƙungiyarsu ta ƙasa, NARS. Lasisin sha'awa na koyo ne da gwaji da taimako a lokacin bala'i, ba a kasuwanci da shi, ba a ɓoye magana. Ƙungiyar sintiri da ke son layin aikinta na kullum, nata izinin daban ne. Kuma waɗannan oba-oba masu arha da suka cika kasuwa suna iya hawa mitar da ba taka ba, har ta jami'an tsaro. A jihar da ake fama da 'yan bindiga, a kama ka da ita ba takarda ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Me ya sa na damu da wannan? A Disamban 2004, lokacin da igiyar tsunami ta afka wa tsibiran Andaman na Indiya, wasu 'yan rediyon sha'awa da suka je can don nishaɗinsu su ne suka koma masu isar da saƙon agaji bayan layuka sun mutu. Sun iya ne saboda sun riga sun koya, suna da lasisi, kayansu a gyare. Mu a Kaduna mun ga Fabrairun 2000, mun ga Nuwamban 2002, mun san yadda jita-jita ke riga gaskiya tsallake kogi. Nasarawa unguwa ce da Bahaushe da Bagwari da mutanen kudancin jihar da na kudancin ƙasar ke zaune tare, masallaci da coci a layi ɗaya. Layin magana guda da shugabannin matasa na kowane ɓangare za su iya jin juna a kai, a daren da waya ta mutu, abu ne da ya cancanci a yi masa wahala.

Don haka shawarata ga masu wannan niyya: ku fara da mutum uku ko huɗu da za su zauna su koyi abin sosai, musamman ɗaliban lantarki na Kadpoly da masu gyaran rediyo na unguwa. Ku nemi takarda kafin ku sayi ƙarfe. In kuɗi ya samu, ku kashe mafi yawansa a kan eriya da waya mai kyau da dufleksa, ba a kan ƙarfin wat ba. Kafin ku kafa komai, ku hau wurin da kuka zaɓa ku yi sati guda kuna sauraro kawai, dare da rana, da wuta da babu wuta, ku rubuta abin da kuka ji.

Nan za mu dakata a wannan makon. Wanda ya taɓa aiki da rifita, ko tsohon ma'aikacin injiniya na gidan rediyo da ke bibiyarmu, muna son jin yadda kuka riƙa magance irin wannan a zamaninku. Ku tura wa abokanku 'yan sintiri da masu gyara. Allah Ya zaunar mana da Kaduna lafiya. Sai mun sake haɗuwa.